Ɗakin Iya a Kan Taya Biyu

Jiya da dare wani mafarki ya zo mini, ban kuwa aika a kira shi ba. Tuwon dawa na ci da miyar kuka kamar kullum, don haka kada wani ya ce cikina ne ya ɓaci.

Na ga kaina a ƙauyenmu, Tsamiyar Dogo, da hantsi, ina tsaye a bayan motata. A-kori-kura ce fara, shekara goma sha ɗaya ina dakon masara da albasa da ita daga wannan kasuwa zuwa waccan. A bayanta kuma ga ɗakin Iya, mahaifiyata, an ɗora shi a kan taya biyu. Ɗakin nan dai na ƙasa da na sani tun ina rarrafe, da jinkarsa, da asabarinsa a ƙofa, har da tsagar da damina ta yi masa a bangon gabas. Daga gabansa wani dogon ƙarfe ya fito irin na tirela. Ban yi mamaki ba. Na tsuguna na danna tayoyin da babban yatsa, na ji iskar ta isa.

Bari in faɗi wani abu tukuna, shi ba mafarki ba ne. Sunana Yahuza, kuma ni ne ɗan farin Iya. Shekarata arba'in da bakwai, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ni a wurinta “wancan” ne, in ta yi sakin fuska kuma “mai motar nan”. In na shiga gaishe ta sai ta juya ta amsa wa bango. In tana da magana da ni, ƙanwata Tasalla take gaya wa, ko da ina zaune a tabarma ɗaya da su. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, wadda yanzu an daina yayinta, amma Iya ta riƙe ta kamar ita aka bar wa ajiya. Tun da Baba ya rasu ita kaɗai ce a gidan, ga ƙafa ta ƙi, ga bango ya tsage. Na gina mata ɗaki a gidana a Funtuwa, shekara biyu ke nan. Sau shida ina aika Tasalla, sau shida amsa ɗaya take dawowa da ita: “Ki ce wa wancan na gode, ina nan.” Ga damina ta ƙarato, ni kuma na san bangon nan ba zai ga kaka ba.

To, a cikin mafarkin sai ya zamana ta yarda. Ba wai ta yarda ta bar ɗakin ba, a'a, ta dai yarda a ja shi tana ciki. Nawa aikin shi ne in kai ta gida lafiya.

Ana ruwa a lokacin, sai dai daga ƙasa yake tashi ya yi sama. Gefen wandona ya jiƙe sharkaf, hulata kuwa ko ɗigo. An rufe rijiyar gidan da faifai an danne da dutse don kada ta tsiyaye. Maƙwabta suna wucewa kowa ya tattare riga, suna yi mini sannu da aiki, ina amsawa.

Sai ga ni a ofis. A saman ƙofa an rubuta: Ofishin Duba Abin da Ake Ja. A gabana akwai wani dattijo da ya kawo inuwarsa a duba masa, wai kwana biyu tana ja da baya. Aka sallame shi, aka ce ya riƙa fita da azahar. Da layi ya zo kaina na tarar da wata jar akuya a bayan tebur, da tabarau, tana tuƙa. Na durƙusa na gaishe ta.

“Me za ka ja?” in ji ta.

“Ɗaki, ranki ya daɗe.”

“Da mutum ko babu?”

“Da mahaifiyata.”

“Doka ta hana mutum zama a cikin abin da ake ja.”

“Ai ba za ta fito ba, ranki ya daɗe.”

Ta buɗe wani ƙaton littafi da kofato, ta duba, ta yage shafi ɗaya ta ɗanɗana.

“Uwa ba ta cikin doka,” ta ce. “Ka taɓa jan tirela?”

Na ce shekarata ashirin da biyar a kan titi. Ta ce ba wannan ta tambaya ba. Na ce ban taɓa ba. Gaskiya abin ya sosa mini rai, a ce akuya ce za ta koya mini mota, amma mai nema ba ya fushi. Ta ba ni takarda na cike. Ta yi mini bayani cewa a ofishin nan ba a sa hannu, in an amince da aikinka sai a cinye takardar.

Muna tsaye a filin masussuka, ni da ita da motar da ɗakin. Ta ce nan ne kaɗai ƙasa take a miƙe, kuma ba a haɗa tirela a kan gangare. Ta ciro igiyar awo irin ta tela daga wuyanta ta ba ni, ta ce in auna daga ƙasa zuwa bakin bodin da ke saman tayar gaba, in kuma auna ta baya. Na auna. Ta ce in riƙe lambobin a kaina, domin in an ɗora nauyi za mu sake aunawa mu ga inda motar ta sunkuya. Na ce ai da ido ma ina ganewa. Ta dube ni ta saman tabarau, na sake aunawa.

A gindin motar, ƙarƙashin lamba, akwai wani mulmulallen ƙarfe kamar lemon zaƙi. Shi ne ƙwallon. A ƙarshen dogon ƙarfen ɗakin kuma akwai ƙoƙon ƙarfe da ake kifawa a kansa. Ta sa na gwada faɗinsu, ta ce in ƙoƙon ya fi ƙwallon girma ko da ƙwayar gero ce, a ramin farko za su rabu, kowa ya kama gabansa. Suka zo daidai. Ta sa na matsar da ƙwallon zuwa ramin ƙusa na sama don ɗakin ya tsaya sak, kada ya yi ruku'u, kada kuma ya yi gantsarwa. Na shafa masa giris. Ta lashi kaɗan ta ce ya yi.

“Sarƙoƙin nan biyu,” ta ce, “a gicciye ake maƙala su a ƙarƙashi. Ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama. In ƙoƙo ya fita, su za su tallafe ƙarfen kada ya caki ƙasa.”

“Kamar goyo,” na ce.

“Ban taɓa goyo ba.”

Ta nuna mini wasu sanduna biyu masu tsawo da ake ɗaurewa daga gindin mota zuwa ƙarfen ɗakin, su ne suke kwasar nauyi daga tayar baya su mayar wa ta gaba. Sannan ta ɗauko wata guda mai faɗi, mai shiga cikin kube kamar takobi, da hannun murɗawa a gefe. Ta ce ita ce sandar hana lilo. In tirela ta fara kaɗa wutsiya, ita take riƙe ta. Na kai hannu zan shafa mata giris, ta doke mini hannu da ƙaho. Ta ce wannan da kaushi take aiki, in ta yi santsi ta zama ado. Ta ƙara da cewa in ana ruwa akan sassauta ta, amma tunda ruwan yau sama yake tafiya, sama ce take da santsi, ba ruwanmu.

Na ja motar baya a hankali har ƙwallon ya zo daidai ƙarƙashin ƙoƙon. Karo ɗaya na yi, ba gyara. Na ɗan tsaya ko za ta yaba. Tana cin wata leda.

Na fara murɗa jak ɗin da ya tallafe dogon ƙarfen don ƙoƙon ya sauka. Ya sauka, na kulle shi, na zura ƙusa. Amma ina janye jak ɗin, maimakon gindin motar ya ɗan zauna kamar yadda ya kamata, sai ya tashi. Tayoyin baya suka rabu da ƙasa suna juyawa a iska. Motata ta zama kamar jakin da ya sunkuya shan ruwa.

“Kayanka a baya suke,” in ji akuyar. “Fiye da rabin nauyi a gaban tayoyi ake sa shi. Kashi ɗaya cikin goma kuma dole ya hau kan ƙwallon nan ya danne shi. In ba haka ba, ba kai za ka ja ɗaki ba, ɗaki ne zai ja ka.”

Na ɗaga asabari na leƙa. Iya tana can ƙurya, ta jingina da bangon ƙarshe, wurin da ya fi ko'ina nisa da kujerar direba. Ta ba ni baya tana tsinkar zogale. Dutsen niƙanta da turmi da randa da adudun kayanta duk sun kewaye ta sun kwanta. Gaban ɗakin fayau, ko tsintsiya babu.

Na yi sallama. Ta amsa wa randa.

Sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Na duba, ashe Tasalla ce a cikin madubin gefen direba, tana zaune a ciki da mayafinta, ƙarama kamar ɗan yatsa, tana ɓare gyaɗa.

“Yaya Yahuza, akwai saƙo ne?”

“Ki ce wa Iya ta matso gaba. Nauyi ya yi baya.”

Ta fita ta bayan madubin. Jim kaɗan ta dawo.

“Ta ce a ce wa wancan nan ma daidai ne.”

“Ki ce mata ba don ni ba, don tirela ce.”

Ta tafi, ta dawo.

“Ta ce tirela ba ta haife ta ba.”

Na shiga da kaina na kinkimo dutsen niƙa na ajiye a gaba. Na koma na mirgino turmi. Kafin in juyo da randa, dutsen ya rarrafa ya koma wurinta, turmin yana biye. Na ɗauko buhun masara huɗu daga motar na jera a gaban ɗakin. Suka zauna na ɗan lokaci, sannan suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka je gaishe ta. Ba su dawo ba.

Sai dabara ta zo mini, na kuma ji daɗin kaina. Dogon ƙarfen nan noti huɗu ne kawai suka riƙe shi. Na kwance shi na kai ɗaya ɓangaren na ɗaura, na zagayo da motar, yadda bayan ɗakin zai zama gaba. Na sake awo, na sake giris, na sake sarƙa. Da na janye jak sai gindin motar ya sake tashi. Na leƙa. Iya ta koma can ɗaya bangon da dukan jama'arta, tana ci gaba da tsinkar zogale kamar a nan aka haife ta. Sau uku ina yin haka. A na ukun sifana ta suɓuce ta fasa mini farce.

A nan raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na zauna a kan taya na ce wa Tasalla, “Haba. Ni na ce a haife ni da fari? Da an tambaye ni ai da na jira ki.”

“In kai wannan ma?” in ji Tasalla.

“Kada ki kai.”

“Ai ta ji.”

Akuyar ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta ce za a iya ɗaure sandunan raba nauyi har tayoyin su taɓa ƙasa, a kuma murɗe sandar hana lilo har ƙarshe. Muka yi hakan, ni ina ja ita tana turawa da goshi. Tayoyin suka sauka, amma da ƙyar suke shafar ƙasa. Na sake aunawa, lambobin ba su dawo inda suke ba.

“Sandar nan tana rage lilo,” ta ce. “Ba ta gyara lodin da aka yi ba daidai ba. Kowa yana so ya sayi ƙarfe ya huta da magana.”

Ta karɓi takardata ta ci rabi, ta miƙo mini rabi.

“Rabin izini ne. In ta fara kaɗawa, kada ka taka birki da ƙarfi. Kada ka yi kokawa da sitiyari, riƙe shi sak. Ka ɗaga ƙafa daga totur ka bar ta ta huce da kanta.”

Na yi godiya. Har na buɗe ƙofa sai ta ce, “Ba ka gane ni ba ko?”

Na ce a gafarce ni.

“Ni aka sayar a kasuwar Laraba aka yi maka lasin.”

“Ai Kawu Mati ne ya yi mini lasin.”

“Kawu Mati ya taɓa kiwon ko kaza? Shi dai aka ba kuɗin ya kai. Mahaifiyarka ce ta ja ni da igiya har bakin kasuwa, tana tafe tana gaya mini yadda kake son mota tun kana jan gwangwani.” Ta gyara tabarau. “Ni ban riƙe kowa a rai ba. Ka ga ai na samu aiki.”

Na tsaya riƙe da ƙofar. Shekara ashirin da biyar ina kai wa Kawu Mati goron Sallah saboda lasin nan, yana karɓa yana sa mini albarka. Kunya ta kama ni, ban san ko ta wa nake ji ba.

Muna kan titi. Ina tafiya a giya ta biyu, hannu biyu a sitiyari kamar ɗan koyo. Sitiyarin ba nauyi, sai ka ce faifai nake juyawa. Gonaki suna wucewa, manoma suna tsaye a kan kunya suna jiran hatsi ya gama komawa cikin ƙasa. A wani ƙauye an tare hanya ana gyaran rami, ana kwashe kwalta ana zuba ramuka sababbi. Suka ɗaga mini hannu na wuce.

Wata babbar motar shanu ta taho daga baya. Shanun ne a gaba, wani bijimi yana tuƙi da hannu ɗaya a waje, dillalan kuma suna tsaye a baya an ɗaure su da igiya suna kallon gari. Da ta gifta, iskarta ta bugi ɗakin. Na ji gindin motata ya tafi hagu, ya dawo dama, ya sake tafiya hagu. Ƙafata ta tafi birki da kanta, na dawo da ita. Na riƙe sitiyari sak, na ɗaga ƙafa. Sandar hana lilo ta yi ƙara kamar ƙofar langa-langa. A kaɗawa ta biyar abin ya lafa.

“Ki duba Iya,” na ce wa Tasalla.

Ta tafi, ta dawo. “Ta ce randa ta yi amai kaɗan, amma ba komai. Ta ce wancan ya ci abinci kuwa?”

“Ki ce na ci.”

“Ta ce ƙarya ne.”

“Ki ce mata to ta matso gaba mana.”

“Ta ce wannan wata magana ce daban.”

Sai gada. Doguwa ce, siririya, faɗinta daidai faɗin mota, ba ta da ƙarfen gefe. A ƙarƙashinta babu kogi, domin kogin ya riga ya tashi sama tun safe, ana hango shi can yana tafiya da kwale-kwalensa. Abin da ya rage a ƙasa rami ne wanda ban ga ƙarshensa ba. A bakin gadar an kafa ginshiƙai biyu da allo: A naɗe madubi.

“Yaya,” in ji Tasalla, “in ka naɗe ni, wa zai kai saƙo?”

“Minti biyar ne.”

“Ku biyun nan ba ku taɓa yin minti biyar ba ni ba.”

Na ce ta yi haƙuri. Ta tattara ɓawon gyaɗarta a mayafi, na naɗe madubin.

Mun kai tsakiya lafiya. Daga nan iska ta taso daga cikin ramin. Ɗakin ya kaɗa hagu, na riƙe. Ya kaɗa dama, na ɗaga ƙafa. Na yi duk abin da akuya ta ce, ɗaya bayan ɗaya, amma kowace kaɗawa tana fin ta baya faɗi. Na ji sandar hana lilo ta yi ƙara sau ɗaya, daga nan ban sake jin ta ba. Ɗakin da nauyinsa yana zaune daram a kan tayoyinsa, motar ce yake wurgawa. Tayar baya ta ɓangarena ta fita daga gadar. Ta gaba ta bi ta rabi. Na duba ta taga na ga takalmina ɗaya yana faɗawa, bai kuma daina faɗawa ba.

Na lissafa abin a natse, yadda direba yake yi. In ƙoƙon ya fita, sarƙa za ta riƙe na ɗan lokaci, sannan ta tsinke. Ɗakin zai tsaya a gada. Ni ne zan tafi. Sai kuma na tuna ba wanda zai ja ta ya ƙarasa da ita, za ta zauna a tsakiyar gada ita da randa har damina ta same ta. Wannan ne ya ba ni tsoro.

Akwai ƙaramar taga a gaban ɗakin, tana kallon gilashin bayan kujerata. Ban juya ba. Na dai buɗe baki na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo, na yi mata magana ba ta hannun kowa ba.

“Iya. Zan faɗa.”

Motar ta ƙara karkacewa. Na ce a raina to shi ke nan, ko a nan ma sai an nemo Tasalla.

Sai na ji ƙarar dutse yana jan ƙasa. Bayansa turmi, yana mirginowa. Randa tana tafe tana ɓulɓul. Buhunan masara suna nishi. A cikinsu duka ina jin takunta, ɗaya mai ƙarfi ɗaya mai ja, irin na ƙafar nan da ta ƙi. A hankali gindin motar ya zauna. Ƙwallon ya yi ƙara ya karɓi kaya. Sitiyari ya yi nauyi a hannuna, nauyin nan mai daɗi da kowane direba ya sani. Na ba ta wuta kaɗan, tayar gaba ta hau, ta baya ta bi.

Na ɗaga ido na dubi madubin ciki. Ga ta a jikin tagar, ta ba ni baya, ɗankwalinta ya taɓa ƙarfen. Tsakanina da ita bai fi kamu uku ba. Ta ɗora hannu a kan dutsen niƙa, ta yi masa magana.

“Mai motar nan tun yana yaro haka yake. Ba ya cewa ya ji ciwo sai ya kusa mutuwa.”

Na dubi sitiyari na ce masa, “Ai ba a tambayarsa ne.”

“Ana tambaya,” ta ce wa dutsen. “Kullum ana tambaya. Shi ne yake jira a kira sunansa.”

Hawaye suka zo mini, suka bi ta goshi suka yi sama kamar sauran ruwan ƙasar, suka taru a rufin mota. Daɗi nake ji, irin wanda ban san inda zan ajiye shi ba. Na sa giya ta uku.

Mun sauka daga gada. Tasalla tana ƙwanƙwasa madubi daga ciki. Allah ya yafe mini, na yi kamar ban ji ba.

Tirelar tana bina sak, ko gezau. Manyan motoci biyu suka gifta, ɗakin bai ko motsa ba. Iya tana ba dutsen labari, ni ina ba sitiyari amsa. Ta ce masa an ce matar mai motar nan tana zuba gishiri da yawa a miya. Na ce wa sitiyari an rage. Ta ce an ce 'yarsa ta biyu ta ɗauko hancin marigayi. Na ce har da taurin kan. Ta yi wata 'yar dariya, gajeriya, ta rufe baki da gefen zane. Ban taɓa sanin haka dariyarta take ba in an ji ta daga kusa.

Muka shigo Funtuwa da la'asar. Na wuce tasha, na wuce gidan mai, na karya ta wajen masallacin unguwarmu. Na buɗe kwanar sosai saboda tsawon abin da nake ja, tayar ɗakin ta wuce bakin kwata da kamu guda. Mai shayi ya ɗaga mini hannu. Saura layi biyu mu isa gida, har ina hango saman bishiyar darbejiyar ƙofarmu.

“Ɗakin da aka ce an gina,” ta ce wa dutsen, “ƙofarsa ina take kallo?”

Na buɗe baki zan ce gabas, yadda take so.

Sai bugun ƙofa, ƙarfe a kan ƙarfe, sau uku. Mai ruwa ne yake dukan ƙyauren gidan da guntun ƙarfe, yadda yake yi kowace safiya. Na ga silin ɗakina, na ga fanka a tsaye. Na yi maza na ja mayafi na rufe kaina, na runtse ido, na riƙe hannuwana yadda suke a kan sitiyari. Na nemo masallacin, na nemo mai shayi, na nemo kwanar. Ba abin da ya zo sai duhun mayafi da warin sabulu.

Rakiya, matata, ta leƙo. “Lafiya kake kwance har yanzu?”

“Ki bar ni minti biyu,” na ce. “Na baro Iya a kan hanya.”

Mai ruwa ya sake bugawa.

“Yana jira,” ta ce a hankali. “Jarka nawa za a zuba?”

Na yaye mayafin. Na ce mata kamar kullum.